Dalilin Da Ya Sa Haƙori Ba Ya Fitowa Sau Uku

Dalilin da ya sa haƙori ba ya fitowa sau uku shi zan gaya muku yau, tunda kun taru a kan Nafi'u kuna yi masa dariyar giɓi. Kai Nafi'u, sauke hannunka daga baki. Duk masu dariyar nan babu wanda bai yi famfara ba, wasunsu ma har yanzu ƙofar gidansu a buɗe take. Ku matso inuwa, amma ku bar taɓa mini faranti. Shekara ashirin da 'yan kai ina sayar da gyaɗa da alewar madara a bakin makarantar nan, iyayen wasunku ma a gabana suka yi nasu giɓin, saboda haka na san abin da nake faɗa. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji zan gama.

A can zamanin da, haƙori ba abin tattali ba ne. Duk shekara ake sabunta shi, yadda ake sabunta jinkar ɗaki. A wani gari da ake kira Tungar Ludayi akwai wata tsohuwa mai suna Gwamma, ita Allah ya ɗora wa wannan aiki. Tana da gona a fadama, ba ta shuka komai a ciki sai haƙora. Ke Zulai, daina harara ta, ni ma haka aka gaya mini. Haƙori ɗaya mai lafiya in ta binne shi, kwana talatin ya fitar da zangarniya cike da haƙora farare tas. Ta yanka, ta sussuka, ta sheƙe, ta zuba a ɗan rumbunta ta liƙe.

Da an gama girbi sai Gwamma ta ɗauki ƙwarya da ludayi ta bi gida-gida. Mutum ya durƙusa ya buɗe baki, ta ƙwanƙwasa masa ludayi a haɓa sau uku, tsofaffin haƙoran su zubo cikin ƙwarya. Su ne irin da za ta shuka a wannan shekarar. Washegari ta buɗe rumbu ta kwaso sababbi, ta danna wa kowa a dasashi da babban yatsa. Sai sun kwana bakwai suke kamawa, don haka duk garin kunu ake sha a wannan mako, har suna kiransa makon kunu. Mahauta su rataye wuƙaƙensu su huta, masu gasa masara su kashe wuta.

Mutum ɗaya ne a garin ba ya durƙusa wa ludayi, wani tsoho makiyayin awaki mai suna Nomau. Da safe kafin ya sa komai a baki sai ya karyo reshen marke ya tauna kansa ya yi laushi, ya zauna a kan turmi yana goge haƙora. Ya bi gaba, ya bi baya, ya shiga har can matauna na ciki, ya kurkure. In ya ci abinci ya sake, in zai kwanta ya sake. Duk shekara Gwamma ta tsaya a ƙofarsa sai ya ɗaga mata hannu ya ce ta wuce, nasa ba su gaji ba tukuna. Shekara sittin yana faɗa mata haka. Yana da wushirya siririya a tsakiyar haƙoran sama, kuma babu abin da yake so a duniya kamar busasshiyar aya. Daga bayan danga ana jin ƙarar taunarsa.

Nomau yana da jika mai suna Yalwa, 'yar shekara bakwai, bakinta ba ya hutawa da magana, ba ya hutawa da ci. Ita ce abokiyar tsokanarsa. In ta gan shi da asuwaki sai ta ce awakinsa sun koya masa cin itace, wata rana ma ƙaho zai fito masa. Shi kuma ya ce ai gara shi, ita in ta yi hamma ƙudaje har layi suke yi. Su yi ta haka har uwarta ta kore su duka biyun daga tsakar gida.

Da can mutanen garin ba su da laifi sosai. Ko ba su kai Nomau ba, kowace uwa da safe tana zaunar da 'ya'yanta a bakin ƙofa, ta miƙa wa kowa ɗan asuwaki, ita ma da nata, suna kallonta suna kwaikwayo. Haƙoran da suke mayar wa Gwamma sun ɗan dushe, amma lafiyarsu ƙalau, ko'ina aka binne su sai su tsiro.

Ana nan sai wani baƙo ya sauka a garin ya koya musu matse rake da dafa ruwansa har ya daskare ya zama mazarƙwaila. To, daga nan aka shiga uku. Mata suka koma bakin tukwane tun asuba, babu mai lokacin zaman asuwaki. Yaro ya yi kuka a ɓantaro masa mazarƙwaila a cusa masa a baki. Ya ƙi zuwa aike a ɓantaro masa. Ya yi abin kirki ma ita ce ladansa. Uwar Yalwa ta fi kowa iya dafa ta, Yalwa kuwa ta fi kowa iya sha. Da guntu a kunci take kwana, ta farka ta tarar ya narke, ta nemi wani. In Nomau ya yi magana sai uban yarinyar ya ce, haba Baba, mene ne abin damuwa, baɗi war haka ai wasu za a sa mata.

Da kaka ta zagayo Gwamma ta bi gari da ludayinta, ta zauna tsintar iri sai ta ga rabi duk ramuka, kamar waken da ƙwari suka shiga. Ta ɗauki ƙwaryar ta dire a gaban mai gari. Ta ce masa ruɓaɓɓen iri ba ya tsirowa, bana ta lallaɓa da ɗan abin da ya rage, amma in aka sake kawo mata irin wannan, kowa ya kuka da kansa.

Mai gari ya tsorata. Ya sa aka yi shela cewa kowace safiya yara su yi layi a ƙofar gidansa a duba musu baki, ya naɗa wani mutum mai suna Cindo ya riƙa dubawa. Cindo mutumin kirki ne, sai dai gaggawa gare shi, ga yara sun fi ɗari, ga tukunyarsa ta mazarƙwaila tana jiransa a gida. Sai ya samo dabara. Ya tsaya a gaban layi ya ce kowa ya yi murmushi, ya bi da ido sau ɗaya, in ya ga fari ya ce a tafi.

Kwana biyu kacal yara suka gane inda idon Cindo yake tsayawa. Ku ma da kuna nan da kun gane, na san halinku. A hanyar zuwa layi kowa ya tsinci gawayi ya murtsuke, ya lakata da yatsa, ya goge fuskar haƙora huɗu na sama da huɗu na ƙasa, ya tofar. Shi ke nan an yi tsafta. Yalwa ce gwanarsu, har da mazarƙwailarta a ɓoye a kunci take yi wa Cindo murmushi, shi kuma ya nuna ta ya ce kowa ya yi koyi da ita. Manya da suka ga yara na wucewa da haƙora farare sai su ma suka koma ga gawayi da yatsa. Mai gari ya yi ta murna, har ya ba Cindo rawani.

Shekara ta cika. Gwamma ta fito da ludayi, ta bi gida-gida, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta kwashe haƙoran garin kaf, ban da na Nomau. Ta koma gida ta fasa liƙin rumbu don ta kwaso sababbi. Me za ta gani? Tururuwa, baƙi ƙirin, sun cika rumbun har baki. Ashe zaƙin da ke jikin irin bara ya bi amfanin gonar, tururuwa suka ji ƙanshi suka yi hanya ta ƙasa. Ko haƙori ɗaya ba su bari ba, sai gari.

Ta juye ƙwaryar waɗanda ta kwaso yau a kan tabarma. Na gaba fuskarsu fara fat, ta juya bayansu ta ga baƙi da rami. Matauna kuwa ba a magana, tana taɓawa suna marmashewa. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi tsaka, ba ta sami guda mai lafiya ba.

Ta tara mutane ta gaya musu gaskiya. Ta ce nata laifin shi ne da ba ta leƙa rumbu ba kafin ta ɗauki ludayi, don tunda take ba ta taɓa buƙatar leƙawa ba. Sauran laifin kuwa su raba a tsakaninsu. Ta ce dasashi in ya kwana arba'in babu haƙori rufewa yake yi, ba ya sake karɓa har abada. Shuka kuma kwana talatin take yi. Ke nan kwana goma gare su su nemo mata iri mai lafiya, in ba haka ba makon kunu ya zama na har mutuwa.

Mai gari ya miƙe zai yi faɗa, maganar ta riƙa fita da iska, babu wanda ya gane abin da yake cewa, sai ya koma ya zauna. Cindo ya tuɓe rawani ya cusa a aljihu. Aka aika garuruwan maƙwabta neman iri, 'yan aike suka dawo suka ce can ma mazarƙwaila ta riga su isa.

Kwana ɗaya, kwana biyu, abin dariya ne a wurin yara, suna buɗe wa juna baki suna ƙyaƙyatawa. A kwana na biyar dariya ta ƙare. Yalwa ta gaji da kunu, ta ɗauki gasasshiyar gyaɗa ta sa a baki ta yi ta juyawa, ta kasa, ta tofar. Ta leƙa randa ta ga fuskarta a ruwa, leɓɓa sun shige ciki. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Daga ranar ta daina magana, in za ta wuce mutane sai ta rufe baki da gefen zane.

A kwana na takwas tana zaune a gindin danga sai ta ji ƙarar da ta saba ji, ƙurus, ƙurus. Kakanta ne a kan turminsa yana taunar aya. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi haƙoransa jere reras, nan take ta gane inda irin yake. Manyan garin ma sun sani tun ranar farko, kunya ce ta hana su zuwa, don babu wanda bai yi wa tsohon dariyar asuwaki ba. Yalwa ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna yadda yake son ayarsa, sai ta kasa. Ta sunkuyar da kai hawaye na zuba.

Nomau ya ce, “Ke 'yar ƙudaje, kwana uku ban ji an ce mini akuya ba. Lafiya?”

Ta girgiza kai, hannu a baki.

Ya gane abin da ke damunta. Sannan ya ɗebi aya cike da hannu ya watsa a baki, ya tauna a hankali har ya cinye, ya karyo marke ya goge haƙoransa tsaf, ya kurkure. Ya miƙe ya kama hannunta ya ce ta raka shi unguwa.

Suka sami Gwamma zaune kusa da rumbunta da babu komai a ciki. Nomau ya durƙusa a gabanta, abin da bai yi ba shekara sittin, ya ce ta ɗauko ludayi.

Gwamma ta ce, “Nomau, ka san dasashinka ya tsufa da waɗannan. In na cire su ba zai karɓi wasu ba.”

Ya ce, “Na sani. Na ci ayata ta sallama.”

Gwamma ta ce to ta ji, amma ita ma tana da sharaɗi, a kira mai gari ya zo ya ji da kunnensa. Da mutane suka taru ta ce ta tsufa, ta gaji da yawon gida-gida, kuma ba za ta ƙara shuka irin da ba a san darajarsa ba. Daga yau sau ɗaya za ta ba kowa haƙora. Wanda ya riƙe nasa ya tsufa da su, wanda ya ɓata ya sha kunu. Kowa ya amince, don babu mai bakin musu.

Sai Yalwa ta sauke hannu daga bakinta, a gaban duk jama'a, da dasashinta a waje.

Ta ce, “Iya, ni ban san haƙori abu ne ba sai da na rasa shi. Ƙanena da ke goye shi ma bai sani ba. In kika ba shi sau ɗaya zai ɓata kafin ya yi wayo. Ki ba mu na koyo tukuna.”

Gwamma ta ce ai ita Yalwa ce shugabar masu gawayi, da wane baki take roƙo. Yalwa ta ce da wannan bakin da babu komai a ciki. Mutane suka fashe da dariya, har Gwamma sai da ta juya fuska don kada a ga tata. Yalwa da ta ga ƙofa ta buɗe sai ta ce to a yi uku mana. Gwamma ta ɗaga ludayi ta ce biyu, in ta ƙara magana a koma ɗaya. Yalwa ta kama bakinta.

Aka tsaya a kan haka. Kowace zangarniya tana da ƙananan ƙwayoyi a sama da manya a gindi. Gwamma ta ce duk jaririn da aka haifa za ta dasa masa duka biyun lokaci guda, ƙanana a sama, manya a ƙarƙashi suna jira. Ƙananan su ne na koyo, in yaro ya kai shekarun hankali su zube, manya su fito. Waɗanda ke tsaye a gabanta kuwa sun riga sun cinye na koyonsu, manya kawai za su samu. Iri kuma ba za ta ƙara karɓa ba sai daga bakin tsofaffin da suka riƙe nasu da kyau.

Sannan ta juyo kan Nomau ta ƙwanƙwasa masa ludayi sau uku. Ko motsi ba su yi ba. Ta ƙara uku, shiru. Sai a na bakwai suka zubo cikin ƙwarya, talatin da biyu, kowanne fari gaba da baya, babu ko ɗigon rami. Gwamma ta daɗe tana juya su a tafin hannu, ta ce tunda take noma ba ta taɓa riƙe iri mai kyan wannan ba. A ranar ta shuka su, mutanen gari suka riƙa yi mata ban ruwa da gadin tururuwa. Ranar kwana na talatin da takwas aka yi girbi, aka danna wa kowa, saura kwana biyu dasashi ya rufe.

Da na Yalwa suka kama, ta ruga gida ta tsaya a gaban kakanta ta wage baki. Nomau ya kama haɓarta ya karkata ta wajen haske. A tsakiyar haƙoranta na sama ga 'yar wushirya siririya, wadda da ba ta da ita.

Ya ce, “Ɓarauniya. Har da wushiryata kika haɗa.”

Ya yi dariya da bakinsa fayau, ita ma tana dariya tana kuka. Ya karyo reshen marke ya miƙa mata, ya ce tunda kayansa ne a bakinta, yadda yake kula da su haka za ta yi, gaba da baya da can ciki inda Cindo ba ya gani. Ta karɓa ta zauna a gefen turmin tana gogewa, ya ce ga ƙaho nan ya fara fito mata. Tun daga ranar kullum da hantsi Yalwa ke jiƙa aya ta daka ta tace, ta kai wa tsohon a ƙoƙo. Yakan kurɓa ya ce da daɗi, sai dai babu ƙara. Ta rayu har ta ga jikokin jikokinta, kuma an ce da lokacinta ya yi na ba da iri, sai da aka ƙwanƙwasa mata ludayi sau tara.

Shi ya sa har yau yaro yake fara da ƙananan haƙora, ya yi famfara daidai lokacin da ya shiga makaranta, manya su fito, daga su kuma babu wasu. Shi ya sa in haƙorin koyo ya faɗi ake jefa shi kan rufin ɗaki, don Gwamma in ta zo wucewa ta duba ta ga ko mai shi ya fara hankali. Kuma shi ya sa za ku ga lokacin da jikoki ke cika baki da haƙora, lokacin ne na kakanni ke tafiya ɗaya bayan ɗaya.

To Nafi'u, wanda zai fito a giɓin nan shi ne na ƙarshe. Ban ce kada ku sha alewa ba, in kun daina da me zan ci tuwo? Amma ga buta nan kusa da farantina, wanda ya sha ya kurkure, kuma kada in ji an kwana da ita a kunci. Mai buroshi da man goge baki ya yi da su safe da dare, wanda babu a gidansu ga itatuwa nan Allah bai hana kowa ba. Ku gaya wa iyayenku mata na ce su zauna su yi tare da ku. Ranar Litinin in malam ya ce a yi layi a nuna haƙora, na san masu goge na gaba da bakin riga, ina hango ku daga nan.

Ga ƙararrawa can, ku tashi. Me kika ce, Zulai? Ina nawa suka tafi? Dube ni da kyau, huɗu suka rage, biyu ma suna sallama. Sauran suna bakunanku, kuma lafiya lau na ba da su. Ku riƙe mini su da kyau.